Katakai Biyu a Bayan Mota

Samarin da ke zama wurin mai shayi a unguwar Sultana, nan Madina, sun raina sana'ata, kuma ban ga laifinsu ba. A ganinsu aikin bai taka kara ya karya ba: ka ɗebi iyali a Madina, ka kunna sanyin mota, waya ta nuna maka hanyar Yanbu, ka sauke mutane a bakin teku su yi ta ɗaukar hoto, kai kuma ka nemi inuwa ka miƙe ƙafa. Kwanan baya ɗayansu ya leƙa bayan motata, ya ga katakai biyu dogaye kwance a ƙarƙashin kujeru, ya ce, "Baba Ilu, kafinta ka koma ne?" Aka yi dariya, ni ma na taya su. To, wanda ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. Amma kafin ku hau, ku zauna ku ji abin da katakan nan suka taɓa yi.

Ni mutumin Gumel ne. Ruwan da na tashi na sani shi ne na rijiya da na kududdufin bayan gari. Na daɗe ina jan motar haya tsakanin Kano da Haɗeja, don haka da wani kamfanin ɗaukar baƙi ya yi mini takardun zama a nan, na iso ina jin babu wanda zai koya mini tuƙi. Sai aka haɗa ni da Amm Usman, wato Baffa Usman da Larabci, wani tsohon Bahaushen Sudan, siriri, marar yawan magana, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana kai mutane gaɓar teku. Ranar farko bai ba ni makulli ba. Tiyo ya miƙo mini, ya ce in kwanta in wanke ƙarƙashin mota. Na ce ai fes take. Ya ce, "Ya Ilu, gishirin bahar yana cin ƙarfe kamar yadda gara ke cin azara. Ba za ka gani ba sai ranar da birki ya ƙi ka." Har yau duk ranar da na dawo daga teku, ba na shiga ɗaki sai na wanke ta.

A tafiyarmu ta farko, da muka bar kwalta arewa da Yanbu, ya tsayar da mota gaban wani fili fari tas, shimfiɗaɗɗe har bakin ruwa. Ya tambaye ni ko za a iya bi. Na ce wannan ai fako ne, a garinmu a kan irinsa ake sussukar gero. Ya ce to in taka in gwada masa. Ban yi nisa ba ƙasa ta fashe, na nutse har ƙwauri cikin baƙar laka mai wari, takalmina ɗaya kuwa can na baro shi. Amm Usman ya jira na fito, sannan ya ce, "Sunanta sabha. Sama gishiri, ƙasa taɓo. Da sayyara ce fa, motar nan, da iyalin mutane a ciki?" Duk direban da ya taso daga wajenmu sai ta ruɗe shi, domin idonmu ya saba ɗaukar farar ƙasa a matsayin mai tauri.

Shi ya nuna mini kayan aikin ɗaya bayan ɗaya. Famfon iska da ma'auni, domin kafin ka shiga rairayi sai ka rage iskar tayoyi su yi faɗi, in ka fito ka mayar. Shebur da igiya. Jarkokin ruwan daɗi, na sha daban, na wanke ƙafa da alwala daban. Tamfal na rumfa da tabarmar roba. Buhun tsofaffin takalman roba manya da ƙanana, saboda ƙarƙashin ruwan nan mai kyan gani akwai duwatsu masu kaifin reza da wasu halittu masu ƙaya, kuma ɗanmu in ya ga ruwa takalmi yake fara cirewa. Sai katakan nan biyu, waɗanda ake cusa wa taya in ta kafe ta hau kansu ta fito.

Amma babban abin da ya koya mini ba a bayan mota yake ba. Ya ce, "Kafin ka murɗa makulli, ka san don wa ake tafiyar. Ba kullum ne wanda ya kira ka shi ne mai tafiyar ba." Na ɗauki shekaru ina ganin gaskiyar maganar. Na kai 'yan Umara daga gida waɗanda burinsu hoto ne kawai, su tura wa abokai su ji haushi. Na kai wani Alhaji da ya kamfaci ruwan ya kurɓa don ya tabbatar, ya tofar yana tambayar wa ya zuba wannan uban gishiri. Na kai mata da suka cika leda da ɓawon koɗi za su kai tsaraba, da wani malami da ya wuni a tsohon garin Yanbu yana shafa bangaye, ko kallon ruwa bai yi ba. In yara ne masu tafiyar, ka nemi wuri marar zurfi inda ƙaguwa ke gudu a gefe-gefe. In amarya ce, ka nemi inda babu jama'a. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma kowa da tekun da ya zo gani.

Hajiya Rabi ba ta hanyar teku na san ta ba. A ranakun da babu tafiya, ni nake kai ta asibitin ido. Tsohuwa ce mai ƙiba, ƙafafu sun gaza, a keken guragu ake tura ta, amma baki garau, tsokana kuwa sai ka gudu ka bar ta. A Madina ta girma, ta yi aure, ta binne miji. Tana zaune da ɗanta Faisal, ma'aikaci a filin jirgin sama, da matarsa da 'ya'yansu. Babbar jikar sunan mahaifiyar Hajiya ta ci, shi ya sa ake kiranta Walida, wato uwa da Larabci, tunda Hajiya ba za ta iya kama sunan ba. Yarinyar tana jin Hausa sarai, amma ko me ka ce mata da Larabci za ta mayar maka.

Wata rana muna dawowa daga asibiti, likita ya gaya mata ganin da ya rage ba mai daɗewa ba ne, sai ta ce in rage gudu tana da magana. Ta ce tana ƙarama iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka zauna Sudan suna noma har suka sami na jirgi. Jirgin katako ne mai filafilai, cike da mutane, ba takarda ba komai. A tsakiyar ruwa zazzaɓi ya kama mahaifiyarta. Ana hango duwatsun wannan ƙasar ta cika. Aka rufe ta da zanenta, aka yi mata salla a cikin jirgin, aka sake ta a ruwa. Jirgin bai shiga tasha ba, a wata gaɓa da babu kowa ya zube su, suka tako zuwa Yanbu.

"Tun daga ranar ban sake zuwa bakin bahar ba," in ji ta. "Ilu, so nake ka kai ni wurin kafin idon nan ya rufe."

Na ce, "Hajiya, gaɓar nan fa tsawo gare ta. Me kika riƙe na wurin?"

Ta ce farin rairayi, duwatsu a bayansu, kuma da safe babanta ya tona rami ya fito da ƙwai masu laushin ɓawo ya dafa musu, ya ce na kunkurun ruwa ne. Da jin haka na san yankin, domin ba ko'ina kunkuru ke hawowa ya yi ƙwai ba. Sai ta ƙara da sharaɗi. "Kada ka gaya wa Faisal. Shi ya ɗauka a Sudan aka binne ta. In ya ji zai ce in zauna in yi addu'a a gida, addu'a tana isa daga ko'ina, kada in wahalar da jikina. Ka bari ya ɗauka yawon shan iska za mu."

Muka sa rana sai hutun makaranta ya zo. Sai korona ta shigo. Ku da kuke nan kun tuna yadda garin ya koma: Harami ba kowa, hanyoyi a rufe, motocin kamfaninmu jere a fili ƙura ta lulluɓe su. Na koma kai wa mutane cefane gida-gida don kada a zauna haka nan. Nakan je in tayar da motar in bar ta ta yi ɗumi, in duba tayoyi, in kashe in dawo. A shekarar Amm Usman ya rasu, ba cutar ce ta kashe shi ba, tsufa ne, ya bar wasiyya a ba ni kayan aikinsa. Direbobi da yawa suka tattara suka koma gida. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wayar Hajiya Rabi. Bini-bini sai ta kira, ba dogon gaisuwa, ta ce, "Ilu, an buɗe hanya?" In ce tukuna. Ta ce, "To, ido dai ba ya jira." Na ji tsoro ƙwarai kada alkawarin nan ya mutu a hannuna.

Da Allah ya sa aka buɗe, muka tashi bayan sallar asuba. Kafin lokacin Hajiya ba ta bambance komai sai haske da duhu. Faisal ya tsara tafiyar tsaf, don yaro ne mai son uwarsa: tsohon gari da safe, kifi da rana, sannan a huta a masauki mai kallon ruwa. Muka tsaya Badar aka sha shayi, muka gangara daga cikin duwatsu, iska ta fara nauyi da danshi. Hajiya ta sa aka zuge gilashi, ta ja numfashi.

A tsohon garin na tura ta da kaina ta cikin lunguna. Gidajen da dutsen teku aka gina su, in ka duba bangon za ka ga sawun ƙananan halittu a jiki, tagogin kuma na katako ne masu ƙananan huji, mata su ga waje ba a gan su ba. Na ɗora hannunta a bango ta shafa. Da muka kusa inda ake sayar da busasshen kifi sai ta yi dariya, ta ce warin nan dai bai tsufa ba. Daga nan Faisal ya kai ta bakin titin gaɓa, inda aka yi dandamalin siminti da shingen ƙarfe, ya juya keken ya fuskanci ruwa.

"Ummi, ga bahar," ya ce. "Shufi, duba, har da jirage."

"Na ji shi, Allah ya yi maka albarka," in ji ta. Da ya matsa wajen yara sai ta kamo hannun rigata. "Ilu, ba nan ba ne."

Ga inda sana'a take. Mai gida ya gama shirinsa, ya gaji, ya ƙoshi da kifi, yana ganin ya sauke nauyi. Ni kuma direba ne, ba ni da bakin cewa a canja hanya, kuma an ɗaure ni da amana. Sai na bi ta kan yara. Muna ƙarasa cin abinci na shiga ba su labarin kunkurun ruwa, wanda girmansa ya kai faifan injin niƙa, da yadda sawunsa ke zama a rairayi. Kafin a ɗauke kwanuka sun hana ubansu sakat. Ya dube ni ya ce, "Ya ammi, ka haɗa ni da aiki. Da nisa?" Na ce in mun yi la'asar muka tashi, rana ta yi sanyi, za mu dawo da haske.

Muka yi arewa, muka bar kwalta. Na sauka na rage iskar tayoyi, na kewaye sabha ta gefen tudu inda ciyawa ke tsiro, domin inda ciyawa ta kama ƙasa tana ɗaukar mota. Muka iso wani shinge, wani mai gadi ya fito daga rumfarsa. Ya ce mota iyakarta nan, saboda ramukan ƙwai. Da ƙafa za a iya shiga, amma kada a taka duk inda aka ga ƙasa ta yi tozo. Daga shingen zuwa ruwa zai kai daga wurin mai shayin nan zuwa masallacin can na kan kwana, kuma duk rairayi ne mai laushi kamar gari.

Yara suka ruga. Muka sauko da Hajiya, Faisal ya tura keken, tayoyin gaba suka lume nan take. Ya ja baya, na baya ma suka lume. Ya yi ta fama har gumi ya jiƙa masa riga.

"Halas, shi ke nan, ya ammi," ya ce. "Ummi ta zauna a sayyara da sanyi, yara su kalla su dawo. Ai ta ga bahar da safe."

Na dubi Hajiya. Ta riƙe hannuwan keken da ƙarfi, fuskarta na wajen da ƙarar ruwa ke fitowa. Na san in aka mayar da ita mota yau, babu wata tafiyar kuma. Na buɗe baya na jawo katakan Amm Usman da tabarmar roba.

"Lesh? Don me?" in ji Faisal, ransa ya fara ɓaci. "Don kunkuru za mu wahalar da tsohuwa? Likita ya ce kada ta sha rana."

"Faisal," Hajiya ta ce a hankali, "tura ni."

Bai ƙara musu ba. Na shimfiɗa katakan gefe da gefe, kowace taya da nata. Muka ɗora keken, ya gangara sumul har ƙarshe, muka sauke shi kan tabarma, aka ja katakan gaba, aka sake ɗorawa. Matar Faisal ta kama ɗaya, Walida ta dawo ta kama ɗaya. Aiki ne na haƙuri, ci gaba kaɗan-kaɗan, ga nauyin Hajiya, ga iska ta fara tashi tana watsa mana yashi a ido. Mai gadin ma da ya ga abin ya zo yana nuna mana inda za mu kauce wa ramuka. A hanya muka ƙetare wani sawu mai faɗi kamar na tayar tarakta, ya fito daga ruwa ya koma. Na kama hannun Hajiya na sunkuyar da shi ta shafa. Mai gadin ya ce kunkuru komai nisan da ya yi a teku, in zai yi ƙwai gaɓar da aka ƙyanƙyashe shi yake komowa. Hajiya ta ce, "Ashe ba ni kaɗai ce mai naci ba."

Muka tsayar da keken inda ruwa ke zuwa ya koma. Ta ce a cire mata safa. Faisal ya durƙusa ya cire, igiyar ruwa ta zo ta rufe mata ƙafafu har idon sawu. Ta ɗan zabura, sannan ta natsu. Sai ta yi sallama irin wadda ake yi in an shiga maƙabarta, ta yi addu'a a hankali, ta shafa. Bayan nan ta ɗaga murya kaɗan, da wata irin Hausa ta yara da ban taɓa ji a bakinta ba.

"Inna, Rabi ce. Na daɗe ban zo ba. Mun isa lafiya, Baba ya kai ni har Madina."

Faisal ya waiwayo ya dube ni. Na kawar da kai, don ba maganata ba ce. Ta lalubo hannunsa ta ce, "Ga Faisal, shi ke riƙe da ni, ba ya bari in nemi komai." Ta lalubo Walida. "Ga kuma takwararki."

"Ummi," in ji Faisal, muryarsa ta sauka, "ba a Sudan take ba?"

"Nan take. Ana ganin duwatsun can aka sa ta."

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Da ka ce addu'a tana isa daga ko'ina. Kuma gaskiyarka. Amma kai kana da maƙabartar Baƙi'a, duk Juma'a kana zuwa ka tsaya wajen babanka. Ni nan ne nawa."

Ya zauna daɓas cikin ruwan da farar rigarsa, ya ɗaga hannu. Walida ta matso gaba, ta yi gaisuwa mai kyau da Larabci tana kuka. Hajiya ta shafa kanta ta ce, "Madalla, 'yar nan. Sai dai Inna ba ta jin Larabci. Ba ta kai ga sauka ƙasar nan ba."

Na koma can gefe na ba su wuri, ni ma idona ya kawo ruwa, ba zan ɓoye muku ba. Da lokacin komawa ya yi, Faisal ya hana kowa taɓa katakan. Shi ya riƙa jan su gaba, ni ina turawa, har muka kai mota. Na mayar wa tayoyi iska, muka hau kwalta rana ba ta faɗi ba. Hajiya ta yi barci tun kafin mu kai Badar, ƙafafunta da farin gishiri a jiki, ta hana a wanke.

Ba ta ƙara shekara ba Allah ya karɓi abarsa, tana Baƙi'a kusa da inda mijinta yake. Daga baya Faisal ya saya mini wasu faranta na ƙarfe marasa nauyi, irin na zamani da ake fitar da mota da su. Na gode masa, suna da kyau, ina amfani da su. Katakan dai ban sauke su ba. Sana'ar nan ta ciyar da ni, ta aurar mini da 'ya'ya, ta nuna mini abin da ɗan Gumel bai taɓa mafarkin gani ba, har kifayen nan masu tsalle da ke bin jiragen masunta. Ba ni da abin cewa sai godiya.

Duk shekara in hutu ya zo Faisal yakan kira ni, ya ce, "Amm Ilu, za mu wajen kaka." Ba na tambayar don wa ake tafiyar. Bana ma mun je. Walida ta zama budurwa, tana jami'a, har yanzu in na gaishe ta da Hausa da Larabci take amsa mini. Da muka isa ta riga kowa zuwa bakin ruwa, ta cire takalmi, ta shiga har idon sawu. Ina tsaye ba nisa ina naɗe tabarma, sai na ji ta, harshen yana ɗan karkacewa, tana ajiye kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Inna, Walida ce, takwararki. Rabi ba za ta zo ba. Ta ce in riƙa zuwa."